Wai wanda ya ci tseren farko na Formula 1 shi ke ɗaukar kambun shekara?

Wani ƙanena da bai daɗe da fara kallon Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ba ya turo min tambaya, ya ce Yaya wai me ya sa ake ta zuzuta tseren farko na shekara kamar shi ne na ƙarshe, ko makinsa ya fi na sauran ne, kuma da gaske ne duk wanda ya ci shi to shi zai ɗauki kambu? Sannan ya ce shi fa ya rikice, wata shekara ya ji an ce Bahrain za a fara, wata shekarar a ce Ostareliya. Na ce bari in zauna in ba shi amsa a tsanake don tambayar ta fi ƙarfin layi biyu, ni kuma tun wajen ƙarshen shekarun 1990 nake bin wasan nan, ga shi sana'ata ma ta injin mota ce, abin ya riga ya shiga jinina.

Ƙanena maganar maki tukuna don ita ce mai sauƙi. Babu ƙarin komai, na ɗaya maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka za a yi ta sauka har kan na goma mai maki 1, daga na sha ɗaya zuwa ƙasa kuwa sai haƙuri. Yadda yake a tseren farko haka yake a na ƙarshe. An taɓa gwada ninka makin tseren ƙarshe a Abu Dhabi a 2014, mutane suka yi ca a kai, daga shekarar ba a sake ba.

Abin da ya sa ake ɗokinsa wani abu ne daban. Ka ga a ƙwallo ƙungiya za ta sayi 'yan wasa biyu uku ne ta ɗora daga inda ta tsaya, nan kuwa kowace ƙungiya ita ke zana motarta ta ƙera ta, kuma duk shekara sabuwa ake fitowa da ita. Tun ana tsakiyar kakar bara ɗaruruwan injiniyoyi suke kan motar bana, a kwamfuta da kuma ɗakin gwajin iska inda ake hura wa ƙaramin samfurin motar iska a ga yadda take bi ta jikinsa, amma duk wannan lissafi ne kawai, ba wanda ya san matsayinsa sai an ɗora taya a kwalta kusa da motar wani. Kafin a buɗe kaka ana ba su 'yan kwanaki na gwaji, shekarun baya-bayan nan galibi kwana uku ne a Bahrain, mota ɗaya kowace ƙungiya, direbobi biyu su raba lokacin. To a gwajin nan kowa ɓoye ƙarfinsa yake yi, kuma ɓoyewar ba wuya. Motocin da aka yi tsere da su har 2025 suna ɗaukar mai har kilo 110, kuma kowane kilo 10 yana rage maka wajen kashi uku cikin goma na sakan a zagaye ɗaya, ka ga kenan tsakanin mai cikakken tanki da wanda ya zuba ɗan kaɗan akwai wajen sakan uku, alhali a wasan nan sakan ɗaya ma kan iya raba na farko da na goma sha biyar. Mai ƙarfi sai ya cika tanki ya rage wa inji wuta don kar a gane shi, mara ƙarfi kuma wani lokacin ya zuba mai kaɗan ya sa taya mai laushi ya fito a saman jadawali don masu talla su gan shi.

Ni a gareji na sha ganin irin wannan, ka gama haɗa inji ka tayar yana kuka lafiya lau ba hayaƙi ba ɗigon mai, ka zagaya unguwa da shi ka dawo ba matsala, amma ba ka da ta cewa sai ranar da mai motar ya ɗauki lodi ya kama doguwar hanya da rana tsaka. Tseren farko shi ne doguwar hanyar nan, kilomita 305 da 'yan kai, kuma ba tsayawa shan mai don tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere. Kafin nan ma ranar Asabar akwai gudun neman gurbi, wanda da shi ake tsara wa zai tashi a gaba wa zai tashi a baya, a nan kowa mai kaɗan zai zuba, kowa taya mafi laushi zai sa, kowa zai buɗe wa inji wuta har ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sa'a ɗayar nan ita ce karon farko a shekara da za ka ga lambobin da ba ƙarya a cikinsu.

In kana son ka ji daɗin abin da nake faɗa ka nemi labarin 2009. A Disambar 2008 kamfanin Honda ya ce ya fita daga wasan saboda karyewar tattalin arzikin duniya, ma'aikata ɗaruruwa suka kwana ba su san makomarsu ba, sai shugaban ƙungiyar Ross Brawn ya karɓe ta a kan fam ɗaya tak, aka sa mata sunansa Brawn GP, aka samo injin Mercedes aka cusa a motar da ba don shi aka zana ta ba. Sun zo gwaji a makare cikin watan Maris da farar mota kusan ba tambarin kowa a jikinta, suka fito suna ta yin na ɗaya a Barcelona, wallahi mutane da yawa cewa suka yi ai tanki ne ba mai, masu talla suke nema. Aka je tseren farko a Melbourne ta Ostareliya ranar 29 ga Maris 2009, Jenson Button ya tashi a gaba ya gama a gaba, abokin aikinsa Rubens Barrichello ya zo na biyu. Sirrin yana ƙarƙashin motar ta baya inda iska ke fita, sun gano wata kafa a sabuwar dokar shekarar suka yi wa wajen hawa biyu, iska tana ficewa da sauri motar tana ƙara mannewa da ƙasa a kwana. Toyota da Williams ma sun yi irinsa, sauran suka kai ƙara, kotun hukumar FIA mai kula da wasan ta ce halal ne a watan Afrilu. Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko, daga nan har ƙarshen shekara bai sake cin ko ɗaya ba don manyan sun kwaikwayi dabarar kuma sun fi su kuɗi, amma tazarar da ya tara tun farko ita ta kai shi, ya ɗauki kambu a Birazil. Ƙungiyar nan ce Mercedes ta saya a ƙarshen shekarar.

To amma tambayarka ta biyu, a'a, ba dole ba ne. Na san mu muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma akwai shekarun da hakan ta faru, Hamilton a 2008 da 2015, Vettel a 2011, Rosberg a 2016, Verstappen a 2023 da 2024, duk sun ci na farko sun ɗauki kambu. Amma daga 2017 har 2022, shekara shida a jere, ba wanda ya ci tseren farko ya zama zakara. Vettel ya ci a 2017 da 2018 Hamilton ya ɗauka, Bottas ya ci a 2019 da 2020 Hamilton dai ya ɗauka, Hamilton da kansa ya ci a 2021 Verstappen ya ɗauka, Leclerc ya ci a 2022 Verstappen ya sake ɗauka.

Shi ya sa kullum nake gaya wa masu fara kallo kar su tsaya a kan sunan wanda ya hau dandamalin karɓar kofi, su tambayi ta yaya ya ci. Ɗauki 2018. Hamilton na Mercedes ya tashi a gaba da tazarar fiye da rabin sakan a gudun Asabar, ranar Lahadi ma yana gaba hankali kwance, sai motocin Haas guda biyu ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a gefen hanya saboda ba a ɗaure musu taya daidai ba wajen canji. Aka ba da umarnin kowa ya rage gudu har a janye motar. To lokacin da kowa ke tafiya a hankali shiga canza taya ba ya cin lokaci kamar da, Vettel na Ferrari bai riga ya canza ba sai ya yi wuf ya shiga, ya fito a gaban Hamilton, Mercedes daga baya suka amsa cewa lissafin kwamfutarsu ne ya yi kuskure. Ferrari ta ci, amma duk mai ido ya ga wace mota ce ta fi gudu ranar. Haka 2022 a Bahrain, Leclerc na ɗaya Sainz na biyu, magoya bayan Ferrari suna ta murna, motocin Red Bull biyu kuwa duk sun mutu ana saura 'yan zagaye saboda matsalar mai ba ya isa inji. Bayan tsere uku Leclerc ya ba Verstappen na Red Bull tazarar maki 46. Amma ni a matsayina na mai gyaran mota abin da na gani shi ne Verstappen yana kafaɗa da kafaɗa da Leclerc kafin motar ta mutu, kuma matsalar bututu ko famfon mai abu ne da ake gyarawa cikin sati biyu uku, motar da ba ta da gudu kuwa sai a yi wata shida ana fama ba a gano bakin zaren ba. Verstappen ya gama shekarar da cin tsere 15 cikin 22.

2014 ma darasi ne mai kyau, shekarar da aka koma ƙananan injina masu silinda shida da turbo da taimakon lantarki. Hamilton ya tashi a gaba a Melbourne, zagaye kaɗan silinda ɗaya ta daina kama wuta ya ajiye motar, maki sifili. Rosberg a irin motar ya ci da tazarar da ta haura sakan 20. Ricciardo ya zo na biyu a gaban 'yan ƙasarsa, da dare aka soke sakamakonsa saboda injinsa ya sha mai fiye da kilo 100 a sa'a da doka ta yarda. Wanda ya kalli sunaye zai ce Hamilton ya shiga uku, wanda ya kalli tazara ya san Mercedes ta riga ta tafi, kuma haka aka yi, tsere 16 cikin 19 suka ci, Hamilton ɗin ne ya ɗauki kambu, ƙungiyar kuma ta riƙe kambun masu ƙera mota shekara takwas a jere har 2021. Shekarar da aka sauya doka gaba ɗaya irin 2009 da 2014 da 2022, da kuma 2026 da kusan rabin ƙarfin injin ya koma na lantarki ga Audi da Cadillac sun shigo, a irin shekarun nan tseren farko ya fi faɗin gaskiya, don tazarar takan yi faɗi sosai.

Ita ma tazarar kar ka ɗauka ta zauna kenan. A 1998 motocin McLaren na Häkkinen da Coulthard sun yi wa kowa zagaye guda cur a Melbourne, har wanda ya zo na uku, amma sai da aka kai tseren ƙarshe a Suzuka ta Japan ana fafatawa da Schumacher kafin Häkkinen ya ɗauka. A 2023 McLaren ɗin nan a Bahrain abin tausayi ce, Piastri bai gama ba Norris ya zo na ƙarshe cikin waɗanda suka gama, zuwa tsakiyar shekara da suka kawo sabbin kaya suna hawa dandamali. A 2024 Verstappen ya ci Bahrain da sakan 22, mutane suka ce shikenan an gama, ƙarshen shekara shi dai ya tsira da kambunsa amma na masu ƙera mota McLaren ce ta ɗauka, Red Bull ta uku. Akwai dalili, tun 2021 an ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe, an fara da dala miliyan 145, kuma wanda ya gama a sama ana rage masa lokacin ɗakin gwajin iska a ƙara wa na ƙasa, don haka na baya yana da hanyar kamo na gaba.

Sai kuma shi kansa filin, wannan mutane suna mantawa da shi. Albert Park na Melbourne wajen shaƙatawa ne da tafki a tsakiya, titin da ake tseren a kai motocin gari ne ke binsa sauran shekara, kilomita 5.278 zagaye 58, ranar Juma'a kwaltar tana da santsi da ƙura sai an yi ta bi roba ta kwanta tukuna, ga katanga kusa ga ciyawa da tsakuwa, kuskure kaɗan sai motar tsaro ta fito ta tara kowa wuri ɗaya, ga ruwan sama da ba ya sallama. Sakhir na Bahrain kuwa fili ne da aka gina don tsere a cikin hamada, kwaltarsa kaushi gare ta tana cin tayar baya, birki mai ƙarfi sannan a taka totur daga ƙaramin gudu, tun 2014 kuma da dare ake yi a ƙarƙashin fitilu. Motar da ta ji daɗin ɗaya ba lalle ta ji daɗin ɗayan ba. Ni dai ba na yanke hukunci sai an yi tsere uku huɗu a filaye mabambanta, musamman in an je Suzuka mai kwanoni masu gudu, nan ne ake gane motar da iska ke yi wa biyayya.

Yanzu maganar wuri. Babu wata doka da ta ce ga ƙasar da za a fara, jadawali ne ake tsarawa duk shekara, a duba yanayi, a duba jigilar kaya, a duba kuɗin da mai masauki ke biya. Tseren farko na gasar gaba ɗaya a Silverstone aka yi a Ingila, tsohon filin jiragen yaƙi, ranar 13 ga Mayu 1950, Sarki George na shida yana wajen da iyalinsa, Giuseppe Farina ɗan Italiya ya ci a Alfa Romeo, motocin Alfa ne na ɗaya da na biyu da na uku, kuma Farina ɗin ne ya zama zakaran farko. Tsere bakwai ne kacal a shekarar. Daga baya aka ga ai lokacin da Turai ke cikin sanyi kudancin duniya rani ake yi, sai aka riƙa farawa tun Janairu a Buenos Aires ta Ajantina. A can ne a 1958 aka yi tseren farkon da ya sauya siffar motar tsere har yau. Mota goma ce kawai ta zo, Stirling Moss ya shiga wata 'yar ƙaramar Cooper mai inji a bayan direba, lokacin manyan duk a gaba suke sa inji, kuma injinsa bai kai na Ferrari girma ba. Tayar Cooper ɗin da noti huɗu ake ɗaure ta, canjinta zai ci lokaci, Ferrari suka saki jiki suna jiran ya tsaya, mutanensa ma suka fito da tayoyi kamar ana shirin canji, shi kuwa bai tsaya ba, ya yi ta lallaɓa tayar har zaren cikinta ya fito, ya gama da tazarar da ba ta kai sakan uku ba. Cikin 'yan shekaru kowa ya mayar da injinsa baya. Kambun shekarar kuwa Hawthorn na Ferrari ne ya ɗauka, da maki ɗaya a kan Moss.

Abin da ke sosa min rai shi ne an daɗe ana buɗe kaka a nahiyarmu. A 1965 ranar 1 ga Janairu aka fara a East London ta Afirka ta Kudu, daga 1967 zuwa 1971 kuma a Kyalami kusa da Johannesburg. A nan Jim Clark ya ci tserensa na 25 ranar 1 ga Janairu 1968 ya wuce tarihin Fangio mai 24, ba wanda ya san shi ne na ƙarshe, ranar 7 ga Afrilu ya rasu a haɗari a Hockenheim ta Jamus. A nan ne kuma a 1982 direbobi suka yi yajin aiki kan sharuɗɗan lasisi da suka ga za su ɗaure su, Niki Lauda da Didier Pironi suka ja gaba, suka kulle kansu a ɗaki ɗaya a otal suka kwana a kan katifu a ƙasa. Duk wannan fa a zamanin mulkin wariyar launin fata ne, kuma shi ne ma ya sa aka daina zuwa bayan 1985. An dawo 1992 da 1993, duka biyun Kyalami ce ta buɗe kaka, Prost ya ci na 1993 Senna na biyu, daga ranar har yau ba a sake tseren Formula 1 a Afirka ba. Ruwanda ta bayyana a Disambar 2024 cewa tana nema, Afirka ta Kudu ma tana nema, Hamilton ya daɗe yana cewa bai kamata a ce gasar duniya ce a tsallake nahiya guda ba, kuma gaskiya ya faɗa.

A shekarun 1980 Rio ta Birazil ce ta fi buɗewa, Phoenix ta Amurka ta yi 1990 da 1991. Ostareliya kuwa da ita ake rufewa a Adelaide, sai Melbourne ta karɓe tseren aka mayar da shi farko, shi ya sa tseren ƙarshe na 1995 da na farko na 1996 duk a Ostareliya aka yi su, kuma Damon Hill ne ya ci duka biyun. A na 1996 ɗin ne motar Martin Brundle ta tashi sama a zagayen farko ta rabe biyu, ya fito da ƙafarsa ya ruga ya nemi likita ya ba shi izini ya shiga motar ajiya. Daga nan Melbourne ta zama gidan buɗe kaka, mu da muka taso a lokacin in aka ce tseren farko tafkin nan muke gani a ido. Bahrain ta karɓa a 2006 saboda Melbourne na da wasannin Commonwealth, ta sake a 2010. A 2020 kowa ya riga ya isa Melbourne, 'yan kallo suna layi a ƙofa ranar Juma'a 13 ga Maris aka ce an soke saboda korona, bayan an samu wani ma'aikacin McLaren da ita, ba a fara kakar ba sai 5 ga Yuli a Ostiriya ba ɗan kallo ko ɗaya. Daga 2021 zuwa 2024 Bahrain ce, kuma ya yi wa ƙungiyoyi sauƙi tunda can suke gwaji, kaya na wurin.

Abin da ya mayar da shi Ostareliya kuwa abu ne da ni da kai muka sani sarai, azumi. Ka san watan Ramadan duk shekara yana matsowa da wajen kwana goma sha ɗaya, to ya zo ya shigo Maris, Bahrain da Saudiyya kuma ba sa karɓar tsere a cikinsa. A 2024 dabara aka yi, aka mayar da na Jidda ranar Asabar 9 ga Maris don a gama kafin a ga wata, kuma da yake dole a bar sati guda tsakanin tsere biyu sai na Bahrain ma ya koma Asabar 2 ga wata. A 2025 kusan Maris ɗin gaba ɗaya azumi ne, ba dabarar da za ta yi, sai aka tura su Afrilu Melbourne ta dawo gaba.

Na 2025 ɗin ba zan manta shi ba. Ƙarfe uku na rana a Melbourne ƙarfe biyar na asuba ne a wajenmu, ranar 16 ga Maris, tsakiyar azumi, ina zaune a tabarma da kofin shayi da ragowar tuwon sahur a gabana na jingina waya da fulas na rage murya don kar in tashi yara. Can ana ruwa, titi ya jiƙe. Ba a ma fara ba, a zagayen ɗumama taya, wani sabon yaro Isack Hadjar motarsa ta juya ta bugi katanga, tserensa na farko a rayuwa ya ƙare kafin ya fara, yana tafiya yana kuka cikin hular kwano, sai ga mahaifin Hamilton ya taro shi ya rungume shi yana ba shi baki, wallahi sai da na ajiye kofin. Aka jinkirta tashi, ana tashi Doohan ya bugi katanga, Sainz ma ya bi, aka kira salla na tafi masallaci na dawo na tarar Norris da Piastri na McLaren suna gaba sun yi nisa. Wajen zagaye na 44 ruwa ya sake saukowa suna kan tayar rani, su biyun suka zame suka fita hanya a kwana ɗaya, Norris ya samu ya dawo ya shige canjin taya, Piastri kuwa ɗan garin Melbourne ɗin ne, a gaban 'yan uwansa, ya maƙale a ciyawa yana ta fama da ribas har ya fito, ya gama na tara. Mota shida ba su gama ba. Antonelli ɗan shekara 18 ya taso daga na 16 ya gama na huɗu, Hamilton a tserensa na farko da jar motar Ferrari na goma. Zagayen ƙarshe Verstappen yana manne da bayan Norris, gari ya riga ya waye a wajenmu ni ko zama na kasa yi, Norris ya tsallake layi da tazarar da ba ta kai sakan ɗaya ba.

Ka riƙe wannan tazarar a ranka. Aka yi wata tara ana zagaya duniya, Piastri ya daɗe yana jan ragamar teburi, Verstappen ya taso daga baya kamar ba zai tsaya ba, aka je Abu Dhabi a Disamba Norris ya ɗauki kambu da maki 423, Verstappen na da 421. Da a ce a safiyar nan ta azumi Verstappen ya samu ya wuce shi a zagayen ƙarshe, shi ya ƙaru da 7 Norris ya ragu da 7, maki 14 kenan sun juya, da kambun ya tafi hannun Verstappen.

In an zo na gaba ka fara tun daga gudun Asabar, ka rubuta tazarar da ke tsakanin mota ta farko da ta ƙungiya ta biyu, ranar Lahadi kuma ka sa ido a kan lokutan zagaye bayan taya ta yi zagaye goma sha biyar a jiki, ka ga wa ke riƙe gudunsa wa ke zubewa, duk wanda ya tsaya kuma ka bincika me ya tsayar da shi. In a Melbourne ne ka saita agogo biyar saura kwata, ko ka zo gida mu kalla tare in nuna maka a allo.